Masu Ɗibar Ruwa da Sauti

Ɗigo guda na maganin ido, irin wanda ake matsowa daga ƙaramar kwalba, bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na mililita ba. A raba shi gida 20,000. Kaso ɗaya daga ciki shi ne nanolita biyu da rabi, ɗigon da faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. To akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su ɗebi ruwa daidai wannan kaso, su ajiye shi inda suka nufa a kan gilashi, su ɗebi wani ruwan daban su ajiye dab da shi, haka har dubbai, kuma kada wani ya shafi wani. Ba cokali a hannunsu, ba allura, ba bututu. Da sauti suke ɗiba.

Me ya kai mutum ga wannan wahala? Uwar da ta taɓa kai ɗanta likita da damina, a Takanamat ko Afala ko Barmu na yankin Tawa, jikinsa zafi rau, ta san ƴar farar robar nan da ake ɗiga wa jinin yatsa. A jira minti 15 ko 20, layi ɗaya ya fito ko biyu. Cikin robar takarda ce, a kan takardar kuma an ja layi da antibodi, wato furotin irin na garkuwar jiki, wanda ba ya kama komai sai wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna HRP2. Tambaya ɗaya tak takardar ta iya yi wa jini: akwai HRP2 ko babu? Tambaya ce mai kyau, ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu. Amma a 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da ba sa yin HRP2 sam a ƙasar Peru, a 2016 kuma Iritiriya ta daina dogara da irin wannan gwaji saboda dalilin nan. Ƙwayar tana da furotin kusan 5,300. Mai bincike yana so ya san wanne daga cikinsu garkuwar jikin yaro ke ganewa, wanne ta babba ke ganewa, wanne zai dace da sabon gwaji ko allurar rigakafi. In ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwalbarsa da nasa jinin, jinin zai ƙare, kuɗin zai ƙare, shi ma ya tsufa bai kai rabi ba.

Mafita ita ce jeri. A ɗauki ɓallin gilashi mai tsawon milimita 75 da faɗin 25, a ɗiɗɗiga masa furotin daban-daban a layi-layi, kowane ɗigo an san lambar layinsa da matsayinsa. A zuba ruwan jinin mutum ɗaya ya lulluɓe su duka lokaci guda. Inda garkuwar jikinsa ta gane wani abu, nan za ta liƙe.

Wani lokaci ba furotin sukutum ake jerawa ba, gutsattsarinsa ne. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kuma guntuwar sarƙar ita ce feftid. Ɗauki furotin da ke lulluɓe ƙwayar halittar cutar zazzaɓin Rift Valley, mai amino asid 245. A haɗa feftid na 1 zuwa na 15, sannan na 2 zuwa na 16, na 3 zuwa na 17, haka har ƙarshe; za a sami guntaye 231, kowanne ya hau kan na bayansa. In aka jera su aka zuba jinin wanda ya warke, guntayen da suka haska a jere su ne za su nuna ainihin gaɓar da garkuwar jiki ke cafka. Bruce Merrifield ne ya buɗe wannan ƙofa a 1963, da ya gano yadda ake gina feftid a kan daskararren abu, amino asid ɗaya bayan ɗaya; ya karɓi kyautar Nobel a 1984. A 1992 Ronald Frank na Jamus ya nuna yadda ake gina su ɗigo-ɗigo a kan takarda. A 2000 Gavin MacBeath da Stuart Schreiber na Jami'ar Harvard suka jera ɗigon furotin 10,800 a gilashi guda, shekara ɗaya bayan haka kuma ɗakin binciken Michael Snyder a Jami'ar Yale ya jera furotin 5,800 na yisti.

Da allurar ƙarfe aka yi waɗannan manyan ayyuka biyu na ƙarshe. Injin ya tsoma bakin allura a ruwa, ya dangwala a gilashi, ya wanke, ya busar, ya tsoma a na gaba. Aiki yana yi, amma duk abin da ya taɓa ruwa sai ya tafi da wani abu. Wanki in bai fita ba, ragowar furotin na farko ya bi na biyu, gobe mai bincike ya ga haske inda bai kamata ba ya yi ta murnar banza. Bakin allura yana dakushewa, yana toshewa, yana ƙarzar fuskar gilashi. Bututun roba da ake zuƙar ruwa da shi kuwa, wasu sinadaran manne masa suke, abin da ya fita bai kai abin da aka zuƙa ba. A 2013 Sean Ekins da Joe Olechno da Antony Williams suka duba alkaluman kamfanin magani na AstraZeneca, inda aka auna ƙarfin sinadarai iri ɗaya ta hanya biyu, da bututu da kuma sauti. Kowanne ya fi nuna ƙarfi ta hanyar sauti, wani ma da sama da ninki 200. Gaskiya a faɗe ta, a lokacin Olechno ma'aikacin kamfanin da ke sayar da injin sautin ne, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Amma ko an rage kason talla, abin da ya saura ya isa ya hana mai auna magani barci.

Cewa kaɗawa tana tayar da ruwa ba sabon labari ba ne a ƙasar Adar. Wanda ya taɓa zama kusa da matan da ke kiɗan ruwa, an kifa ƙwarya a cikin babban masaki ana buga ta, ya ga yadda fuskar ruwan ke rawa, tsattsaki na tashi ta ko'ina. Sai dai can ɗigon ba shi da ubangida: wani babba, wani ƙarami, wani gabas, wani yamma. Gwanintar da nake magana a kai ita ce a sa bugu ɗaya ya tayar da ɗigo ɗaya, girmansa daidai da na jiya, ya nufi wuri ɗaya.

Hanyar ta yi tsawo. A 1880 ƴan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa dutsen kwaz in aka matse shi yana ba da lantarki. Ba da jimawa ba aka tabbatar da kishiyar haka, in an ba shi lantarki yana motsi. A sauya lantarkin da sauri, dutsen ya yi ta kaɗawa, ya haifar da sauti. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya haura wannan shiru ne a gare mu. A 1927, a wani gida a Tuxedo Park cikin jihar New York, Robert Wood da attajirin nan mai son kimiyya Alfred Loomis suka nutsar da faifan kwaz a cikin mai, suka kaɗa shi sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Man ya taso ya yi tudu, ƙwanƙolin tudun yana feshin ɗigo sama. Abin kallo ne, amma babu wanda ya iya sarrafa shi. Sai a shekarun 1980 injiniyoyin cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, tare da abokansu na Jami'ar Stanford, suka dage a kai, don suna neman injin buga takarda wanda ba shi da ƴar ƙofar da tawada za ta toshe. A 1989 Scott Elrod da abokan aikinsa suka bayyana yadda sautin da aka tattara wuri guda ke fitar da ɗigo ɗai-ɗai, da yadda girman ɗigon ke bin saurin kaɗawa: in sauri ya ƙaru, ɗigo ya ƙanƙance. Injin buga takardar bai shiga kasuwa ba. Masu ilimin halittu ne suka ci gajiyar wahalar. A 2000 Richard Ellson da wasu suka kafa kamfanin Picoliter a Kalifoniya, wanda ya koma Labcyte, ya fitar da injin da ake kira Echo. Beckman Coulter ya saye kamfanin a 2019. A 2008 kuma ɗakin binciken Scott Diamond a Jami'ar Pennsylvania ya nuna jerin furotin masu aikin narka sinadarai, an ɗiga su da sauti, kuma suna aikinsu lafiya bayan sun sauka.

Ga yadda abin ke tafiya. Ruwan da za a ɗiba yana cikin farantin roba mai gurabe 384 ko 1,536, kowane gurbi da nasa. Ƙarƙashin farantin akwai abin kaɗawa, da wani lanƙwasasshen baki da ke tattara sautin ya haɗu a tsini guda. Tsakanin bakin da gindin farantin ruwa ne ke gudana ba yankewa, domin irin wannan sauti ba ya ƙetare iska. Da ya iske ta sai ya juyo. Gilashin da za a ɗiga wa kuwa a sama yake, a kife, fuskarsa na kallon ƙasa. Sauti ya taso, ya ratsa gindin robar, ya haɗu daidai fuskar ruwan da ke gurbin. Ruwan ya yi tudu, tudun ya miƙe ya sirance, kansa ya tsinke, ɗigo ya tashi sama ya manne a gilashin. Ba ya faɗowa, don a wannan ƙanƙanta riƙon da ruwa ke yi wa abin da ya taɓa ya fi nauyinsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana son nanolita 25? Bugu goma. Injin yana iya yin ɗaruruwan bugu a daƙiƙa ɗaya, farantin ƙasa na matsawa, gilashin sama na matsawa, ta yadda kowane gurbi zai iya aika ɗigo kowane matsayi.

Abin da ya fi burge ni ba jifar ba ce, sauraron da ke gabanta ne. Kafin injin ya buga, sai ya aika ɗan sauti marar ƙarfi ya kasa kunne. Amsa-kuwwa ta farko daga bayan robar take dawowa, ta biyu daga inda roba ta haɗu da ruwa, ta uku daga fuskar ruwan. Sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. In zurfin ruwan gurbin milimita 2 ne, zuwa da dawowa bai cika kashi uku cikin miliyan na daƙiƙa ba. Daga wannan ɗan taƙi injin ke gane inda fuskar ruwan take, ya ɗaga bakinsa ko ya sauke don tsinin sautin ya faɗa daidai. Daga ƙarfin amsa ta biyu kuma yake gane irin ruwan. Ana yawan narka feftid a wani sinadari mai suna DMSO, wanda ke zuƙar laima daga iska, don haka farantin da aka buɗe sau da yawa ruwansa ya riga ya canja ko da ido bai gani ba. Injin yana ganewa. Sababbin injuna ma sukan ɗan zunguri fuskar ruwan da ƙarfin da bai isa ya tsinke ɗigo ba, su saurari yadda tudun ya taso, su ƙara kaɗan, su sake saurare, har su san ƙarfin da wannan gurbi ke bukata a wannan lokaci. Ruwa mai kauri da ruwa tsararo ba bugu ɗaya suke so ba. Da irin wannan ilimin ne na'urar hoton ciki da ake ɗora wa mata masu juna biyu a Tawa ke aiki. Bambancin kawai, ita ba ta jifa, aika sauti da saurare kaɗai take yi.

Kada a ɗauka injin ne gwani, mutum ɗan kallo. Ma'aikaciyar da ta san aikin, tun kafin ta kunna komai ta fara. Za ta saka farantin a injin juyawa don kumfar da ta maƙale a gindin gurabe ta fita, saboda kumfa guda ta isa ta karkatar da sauti, ɗigo ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi. Za ta duba ruwan da ke ƙarƙashin farantin, ko an cire masa iska, ko zafinsa ya tsaya cik. Za ta tabbata an kashe lantarkin gogayya da roba ke tarawa, don ɗigo mai wannan sauƙi lantarki kaɗan ke fizgar sa gefe. Ta san sabulun da ake ɗan sa wa furotin don kada ya dunƙule yana sauya yadda fuskar ruwa ke tsinkewa, ta san dole ta gwada ɗigon farko da rini ta auna kafin ta taɓa furotin mai tsada.

Sannan ga bushewa. Ɗigon nanolita biyu da rabi cikin daƙiƙoƙi yake ƙafewa, kuma in ya ƙafe da gaggawa furotin ya taru a gefe ya yi zobe, tsakiya fayau. Furotin da ya bushe haka yakan warware naɗinsa, garkuwar jiki ta kasa gane shi. Shi ya sa ake haɗa ruwan da giliserin ko wani irin sukari, a kuma riƙe laimar ɗakin a wajen rabi. Fuskar gilashin ma ba haka kawai take ba: an shafe ta da sinadarin da ke ƙulla furotin da zarar ya sauka, ko an shimfiɗa mata siririyar fatar naitiroselulos, irin takardar da ke cikin robar gwajin zazzaɓi. Tsarin jerin kansa hikima ne. Ba a ajiye kwafin abu ɗaya kusa da juna. A sa ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a can ƙarshe, don in ƙura ta faɗa ko gefe ya bushe, kada shaidu uku su mutu tare. A bar wasu matsayi da ruwa zalla, a sa wasu da abin da aka san dole ya haska. Nan sauti ya yi wa allura fintinkau, domin sauya tsari ba ya bukatar sake zuba faranti, lambobi kawai za a canja a kwamfuta.

Bayan ɗiga, sai a jiƙa gilashin a ruwan madarar da aka cire wa mai, ko a wani furotin na jinin saniya, don ya toshe duk filin da ya rage. In ba haka ba antibodi zai manne ko'ina. A tsarma ruwan jinin mutum, sau da yawa kashi ɗaya cikin ɗari, a zuba, a jira, a wanke. A kawo antibodi na biyu, wanda galibi daga jikin akuya ake samo shi, an rataya masa rini mai ƙyalli, aikinsa ya kama duk antibodin ɗan Adam da ya liƙe. A haska da lesa. In an yi amfani da rini kala biyu, ana iya bambanta antibodi iri biyu: IgM, mai nuna sabon kamu, da IgG, mai nuna tsohon tarihi.

Amfanin wannan ga irin ƙasarmu an gan shi a maƙwabta. A ƙauyen Kambila na Mali, Peter Crompton da masu binciken cibiyar nazarin zazzaɓin cizon sauro ta Bamako suka ɗebi jinin yara da manya 220, kafin lokacin zazzaɓi da bayansa, suka zuba a jerin furotin 1,204 na ƙwayar cutar. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna garkuwar yara tana hawa da damina ta zube da rani, ta manya kuwa ta fi zama, kuma akwai wasu furotin 49 da yaran da ba su kwanta ba suka fi ganewa. Da allura aka ɗiga wancan jerin, ba da sauti ba, amma tambayar iri ɗaya ce.

Mu ma muna da namu abin tunawa. A watan Agusta na 2016 dabbobi suka yi ta ɓari suna mutuwa a yankin Cintabaraden da Tasara, arewa da Takanamat, mutane ma suna mutuwa da zazzaɓi da zubar jini. Sai da aka kai samfuri Cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar a tsakiyar Satumba cewa zazzaɓin Rift Valley ne. Zuwa 22 ga watan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 64 da suka kamu, 28 sun rasu, ga kuma taron makiyaya na Ingal ya ƙarato. Da aka ci gaba da gwaji, mafi yawan samfurorin waɗanda ake zargi sai suka nuna ba ita ba ce, har hukumar ta ce a faɗaɗa bincike a nemi wasu dalilan. Nan ne gwaji mai tambaya ɗaya ke barin lokotoro a tsaye: an ce masa ba wannan ba ce, ba a ce masa wacce ba. Jerin da ke ɗauke da guntayen cututtuka da dama, wanda jini kaɗan ya ishe shi, ba zai warkar da kowa a ranar ba, amma zai nuna abin da jikin mutanen yanki ya taɓa karo da shi, na makiyayi da na matarsa mai tatsa da na mahauci.

Ba na cikin masu cewa a sayo injin a kai kowane gari. Kuɗinsa dala dubu ɗaruruwa ne, farantansa na musamman ne masu shimfiɗaɗɗen gindi, kuma kowane gurbi sai an bar masa ragowar ruwan da sauti ba ya iya ɗagawa. Yana son wutar da ba ta ɗaukewa. Iskar watan Maris a Adar, wadda laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura, ga tartsatsin da riga ke yi in an tuɓe ta da dare, ita ce duk abin da wannan aiki ke gudu. Injin guda a babban ɗakin bincike, irin CERMES na Yamai ko wata cibiya ta yanki, ya isa ya buga wa ƙasashe da yawa. Gilashi yana tafiya, jini ma yana tafiya in an ɗiga shi a takarda ya bushe, kuma antibodi yana jure hakan. Abin da ya kamata ɗalibin Jami'ar Tawa ya sa wa ido shi ne tsara jerin da karanta shi. Karatun kuwa yana da tarko. Guntun feftid miƙaƙƙe ne, alhali antibodi da yawa naɗaɗɗen furotin suke ganewa, don haka duhu a gilashi ba hujjar babu ba ne. Haske ma yana ƙarya, domin cututtuka ƴan gida ɗaya suna kama da juna, jinin wanda ya sha zazzaɓin cizon sauro sau da yawa kuma yakan liƙe wa abubuwan da ba ruwansa da su. Duk ɗigon da ya haska sai an sake gwada shi ta wata hanya. Ta fuskar yawa ma sauti ba shi ne zakara ba. Masu gina feftid a kan gilashi da haske suna jera dubu ɗaruruwa inda shi ke jera dubbai.

Inda ba a kama ƙafarsa shi ne taushin hannu. A 2011 Alexei Soares da abokansa a ɗakin binciken Brookhaven na Amurka suka harba ƙananan ƙanƙarar furotin, abin da taɓi kaɗan ke farfasawa, suka iso lafiya har aka karanta siffarsu da hasken eksire. An harba ƙwayoyin halitta masu rai, sun sauka sun ci gaba da hayayyafa.

Akwai kuma wata hanyar da ba a jifa ko kaɗan. In aka sa abin kaɗawa biyu suna fuskantar juna a cikin ruwa, sautinsu yana karo ya tsaya cik, wasu wurare na girgiza, wasu shiru, tazarar wuraren shirun rabin tsawon zangon sautin. Ernst Chladni ya nuna irin wannan a 1787 da yashi a kan faifan ƙarfe. A 2016 Bruce Drinkwater da Stephen Mann da abokan aikinsu a Jami'ar Bristol ta Ingila suka sa guda huɗu, biyu na kallon biyu, suka zuba ruwa mai ɗauke da ƙananan ɗigogi masu kauri. Ɗigogin suka yi ta gangarawa wuraren shirun, suna haɗewa, suna nutsewa, har suka jeru layi-layi a gindin akwatin, girmansu kusan ɗaya. Suka nuna ana iya cusa musu furotin da DNA, kuma tazarar da ke tsakaninsu saurin kaɗawa ne ke yanke ta.